Mai Yankan Kati a Asibiti

Ma'aikacin ofis a asibiti, wanda jama'a suka fi sani da mai yankan kati, shi ne na farko da mara lafiya ke tsayawa gabansa kafin ya ga likita. Ba ya yin allura, ba ya rubuta magani. Nasa shi ne yi wa majinyata rajista, adana fayilolinsu, ba da ranar ganin likita, amsa waya da shirya takardun biyan kuɗi. A ƙaramin asibitin kuɗi mutum ɗaya kan haɗa duk wannan. A manya irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa, sashe ne guda mai ma'aikata da yawa.

Rajista ita ce tushen aikin. Ana rubuta suna, shekaru, unguwa, lambar waya da wanda za a nema in ta ɓaci, sannan a ba mutum lambar da za ta bi shi duk zuwan da zai yi. A ƙasar Hausa lambar nan ta fi suna amfani, don a safiya ɗaya ana iya samun A'isha Muhammad uku a layi. In aka ɗauko fayil ɗin wata aka ba wata, likita zai karanta tarihin da ba na wadda ke gabansa ba, har ya iya rubuta maganin da jikinta ba ya karɓa. Tambayar ma sai da dabara. Tsohuwar da ba ta san shekarar haihuwarta ba akan ce mata, "Iya, sa'ad da aka kashe Murtala kin yi aure?" In ta ce tana goyon fari, sai a kintata daga 1976. Wata kuma kunya ba za ta bar ta ta ambaci sunan mijinta ba, sai ta dubi 'yar rakiya ta faɗa.

Daga nan sai ɗakin ajiya, inda fayiloli ke jere a kan kanta bisa lamba. Duk wanda aka fitar sai an rubuta inda ya tafi, kuma wanda aka cusa a gurbin da ba nasa ba, da shi da ɓatacce duk ɗaya. Majinyata ma na da nasu laifin: mutum ya yar da ƙaramin katinsa, ya zo ya yanki sabo bai faɗa ba, tarihinsa ya rabu gida biyu. Kwamfuta ta rage wannan matsala a asibitocin da suka koma kanta, sai dai ranar da aka ɗauke wuta ko intanet ta tsaya, layi kan kai har waje.

Akwai kuma aikin da majinyaci ba ya gani. Bayan an sallami mutum, ana ba cutarsa lamba bisa tsarin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma daga irin waɗannan lambobi ake haɗa alƙaluman da ke nuna wace cuta ke yawaita. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2005 aka kuma sabunta dokarta a 2022, ta ƙara takardu: tantance mai inshora, neman lambar izini kafin wasu ayyuka, da tura takardar neman biya.

Riƙon sirri shi ne mafi nauyi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan mara lafiya ba da yardarsa ba, sai a 'yan wuraren da doka ta keɓe. Maƙwabciya ko suruka da ta zo da "me aka ce yana damunta?" haƙuri kawai za a ba ta, ko da ma'aikacin ɗan unguwarsu ne.

Mai son yin aikin a matsayin sana'a yakan karanci sarrafa bayanan lafiya a kwalejojin kimiyyar lafiya ko makarantun asibitocin koyarwa, ya sami difloma, sannan ya yi rajista da hukumar ma'aikatan bayanan lafiya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1989.