Idan Kin Ga Tabo A Zanen Mai Ciki, Ki Faɗa Mata

Wata ranar awo benci ya cika, aka kira wata baiwar Allah ta miƙe, sai ga jini a bayan zanenta kamar faɗin tafin hannu. Matan da ke bayanta duk sun gani. Wannan ta zunguri waccan, wata ta kau da kai, babu wadda ta ce uffan har ta iso teburina. Da na tambayi ɗayarsu daga baya, cewa ta yi, "Sista, ai ban san ta ba, kar in ba ta kunya."

'Yar'uwa, na san nauyin bakin nan. To amma mai ciki ba ta haila, saboda haka duk jinin da kika gani a jikinta abin dubawa ne. Akwai zubar jinin da ke zuwa babu ciwo ko kaɗan, musamman a watanni ukun ƙarshe, idan mabiyiya ta zauna ƙasa ta tare bakin mahaifa. Tana zaune tana hira, ke da ke bayanta sai ki riga ta sani. Haka ma jiƙewar ruwa. Tana iya zama fitsari ne ya kufce mata da ta yi tari, wanda ba baƙon abu ba ne ga mai tsohon ciki. Tana kuma iya zama faya ce ta fashe. In cikin bai kai mako 37 ba, ko ruwan ya yi kore, ba a jira.

Yadda za ki faɗa shi ne muhimmi. Kada ki ƙwala mata kira daga nesa, kada ki nuna da yatsa. Ki tashi ki tsaya a bayanta yadda jikinki zai kare wurin, ki yi sallama, ki ce a hankali, "Yaya, zanenki ya ɗan ɓaci ta baya, mu je wajen Sista." In kina da gyale ki yafa mata a ƙugu. Ba sai kin tambayi watan cikin ba, ko ki kawo labarin maƙwabciyarki da ta yi ɓari. Malam mai rako, kai kuma ka sanar da matarka ko ma'aikaciyar jinya mafi kusa, ita ta je.

Nono da ya jiƙa rigar mai jego, zane da ya kwance, hijabi a bai-bai, duk raɗa ɗaya ta wadatar, tunda nan take za ta gyara. Amma baƙin da ciki ke sa wa fuska da wuya, ki bar ta da shi. Ta gani a madubi tun kafin ta fito, kuma yakan dushe bayan haihuwa. Kumburin fuska da hannuwa daban ne, wannan a gaya mana mu auna jininta.

In kuma ke aka raɗa wa, kada ki ce bari ki koma gida ki canza kaya. Ki tsallake layi ki zo wurinmu. Ki sa audugar mata daga waje kawai, kada ki cusa komai, kuma kada ki wanke zanen, domin muna son ganin yawan jinin da launinsa.