Kwamfuta na yawan mutuwa? A gwada RAM kafin a yi fomatin

Ɗalibin da ke tasowa daga Rawayau zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da laftof ɗin da ya saya na hannu, da mai shagon buga takardu a Kurfi, kukansu kan zo ɗaya: ana cikin aiki sai allo ya koma shuɗi, kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta. In an kai wa mai gyara, sau da yawa abin da za a fara ji shi ne "bairos ne, sai an yi fomatin". A goge komai, a biya kuɗi, bayan kwana biyu ciwo ya dawo. Idan haka ta faru, to a zargi RAM.

RAM ita ce ma'adanar wucin gadi. Had-dis kamar rumbu ne, RAM kuwa faifan da ake ɗebo hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. Irin wadda muke amfani da ita, Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro ta a 1966. Kowane ɗigon bayani, 0 ko 1, yana zaune ne a wani ɗan mitsitsin gurbi mai riƙe cajin lantarki. Cajin yoyo yake yi, don haka dole a riƙa sabunta shi duk bayan milisakan 64. A falle ɗaya mai 8GB akwai irin wannan gurbi kusan biliyan 69. Guda ɗaya ya lalace, 1 ya koma 0, shi ke nan manhaja ta karanta umarnin da ba shi aka rubuta ba.

Ba baƙon abu ba ne. Wani bincike da Google da Jami'ar Toronto suka fitar a 2009 ya gano cewa sama da kashi 8 cikin ɗari na fallayen RAM da ke manyan kwamfutocin Google suna samun kuskure a shekara. Su waɗancan suna da tsarin gyara kuskure da kansu. Galibin namu na gida ba su da shi, shi ya sa gurɓataccen bayani kan iya wucewa shiru ya shiga cikin fayil ɗin furojet ɗinka lokacin da kake ajiyewa.

To ta ya ake bambancewa? Ciwon RAM ba ya da tsari. Yau a Word, gobe a Chrome, jibi ba ka taɓa komai ba. Saƙon da ke shuɗin allo ma canzawa yake yi, amma an fi ganin MEMORY_MANAGEMENT. Zafi kuwa yana da tsari: fanka ta yi ta gurnani, kwamfuta ta ɗauke bayan an jima ana aiki, musamman a bazara da zafin Katsina kan haura digiri 40. In kuma ta tebur ce, tana mutuwa daidai lokacin da wuta ta yi ƙasa ko janareta ya yi tari, matsalar ta wuta ce.

Kafin komai, kwafe muhimman takardunka a filashi. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mdsched, ka yarda ta sake tashi ta gwada kanta. Wannan gwajin sama-sama ne. Wanda ya fi zurfi shi ne MemTest86, kyauta ne, ana sa shi a filashi a tayar da kwamfuta daga nan. Rubuta lambobi yake yi a kowane gurbi, ya dawo ya karanta ya ga ko sun canza. Ka bar shi ya yi zagaye huɗu. Yana cin awoyi, saboda haka sai ka tanadi cikakken batir ko sola. Kuskure ko ɗaya ne ya fito, akwai matsala.

Sai dai kuskure ba ya nufin falle ya mutu. Ƙurar hunturu da jijjigar hanya a kan babur kan hana shi zama daram a mazauninsa. Kashe kwamfutar, zare caja da batir. Taɓa wani ƙarfe tukuna, domin lantarkin nan da ke taruwa a jiki lokacin sanyi, mai tartsatsi in ka ja bargo, ya isa ya ƙona RAM. Riƙe fallen ta gefe, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da magogin fensir a hankali, ka kaɗe ƙurar, ka mayar har ka ji ƙas. Sake gwadawa.

In fallaye biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya a mazauni guda. Wanda kuskure ya bi, shi ne mai laifi. In kuwa duka biyun sun yi kuskure a mazauni ɗaya amma lafiya lau a ɗayan, mazaunin ne ya lalace, kuma sabon falle ba zai yi magani ba.

Wajen saye, je da tsohon a hannu. DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, kuma laftof mai bukatar DDR3L, mai aiki da bolt 1.35, ba lallai ta karɓi DDR3 mai 1.5 ba. Ka nemi a gwada a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. Wasu siraran laftof RAM ɗinsu a liƙe take da allon ciki, wannan kam sai ƙwararren mai gyara.