Yadda Ake Zaɓen Kamfanin Jirgin Ruwa Domin Hutun Iyali

Gabatarwa

Tafiya mabuɗin ilmi, in ji Hausawa. To amma tafiya iri-iri ce. Akwai ta fatauci, akwai ta neman ilmi, akwai ta ibada, akwai kuma wadda magidanci zai kwashi iyalinsa don kawai a huta a ga duniya. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani nau'i na tafiyar hutu wanda bai shahara ba sosai a ƙasarmu, wato yawon shaƙatawa cikin jirgin ruwa. A shekarar 2024 kaɗai, sama da mutum miliyan 34 ne suka yi irin wannan balaguro a duniya, kamar yadda CLIA, ƙungiyar kamfanonin da ke wannan sana'a, ta bayyana. Kamfanonin suna da yawa, kuma kowanne da irin mutanen da yake nema. Wanda ya zaɓi kamfani saboda girman jirgi ko arahar tikiti kaɗai yana iya yin asarar kuɗinsa tun kafin ya sa ƙafa a jirgin. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, iyali ake fara dubawa, sannan a dubi jirgi.

Jirgin sufuri da jirgin shaƙatawa

Ya kamata tun farko a bambance jirgin sufuri da jirgin shaƙatawa. Jirgin sufuri aikinsa ya ɗauki mutum daga wannan gari ya kai shi wancan. Misalinsa shi ne Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta jigilar ɗalibai da ma'aikata tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 zuwa 1974, tafiyar kimanin mako biyu. Shi kuwa jirgin shaƙatawa, zama cikinsa shi ne hutun. Yakan tashi daga tasha ɗaya, ya yi ta yada zango a garuruwan bakin teku, galibi ya iso da safe ya tashi da yamma, daga ƙarshe ya komo inda ya faro. Jirgin farko da aka ƙera musamman don wannan aiki shi ne Prinzessin Victoria Luise na Jamus, a shekarar 1900. Sana'ar ta bunƙasa ne bayan 1958, lokacin da jiragen sama masu sauri suka fara kwashe fasinjojin Tekun Atlantika, masu jiragen ruwa suka ga tilas su nemi wata kasuwa.

A yau jirgin ya zama tamkar gari guda a kan ruwa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miyami a watan Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,300.

Kowane kamfani da mutanensa

Royal Caribbean, mai wancan ƙaton jirgi, ya fi karkata ga iyalai masu yara matasa. Jiragensa cike suke da wuraren ninkaya da na sulu da bangon hawa. Carnival, wanda Ted Arison ya kafa a 1972, ya yi suna wajen araha da gajerun tafiye-tafiye na kwana uku zuwa bakwai, sai dai akwai hayaniya da kaɗe-kaɗe har dare. Disney ya shiga sana'ar a 1998 da jirginsa Disney Magic. Ya fi sauran tsada, amma ya ƙware wajen kula da ƙananan yara, kuma babu gidan caca a jiragensa. Norwegian kuwa bai tilasta wa kowa lokacin cin abinci ko irin tufafi ba, abin da ke sauƙaƙa wa mai ƙananan yara. A Turai akwai MSC mai hedikwata a Janiba, da Costa na Italiya, waɗanda suka mamaye Bahar Rum.

Akwai kuma kamfanonin da ba su karɓar yara ko kaɗan. Viking da Virgin Voyages ba su ɗaukar wanda bai cika shekara 18 ba. Mai iyali ba shi da abin nema a wurinsu, komai kyan hoton da ya gani.

Wani abu da ɗalibin harshe zai lura da shi shi ne harshen cikin jirgi. A jiragen Amurka da Ingilishi ake komai. A na MSC da Costa akan maimaita sanarwa cikin harsuna da dama, kamar Italiyanci da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. AIDA kuwa kusan duk harkarsa da Jamusanci ce. Yaron da aka ajiye cikin tsararrakin da ba ya jin harshensu, hutunsa ya zama zaman kurum.

Shekarun yara

Wannan ita ce tambaya ta farko da za a yi wa kowane kamfani. Yawancinsu ba su ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, idan kuma tafiyar ta ƙetare babban teku ce, sai ya cika shekara guda. Haka nan ba su yarda mace ta hau ba idan cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar. Dalili kuwa shi ne, asibitin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini, ga shi wani lokaci tudu yana da nisan yini guda ko fiye.

Manyan kamfanonin iyali suna da zauren yara, inda ma'aikata ke kula da su kyauta, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon shekaru. Mafi yawa sukan fara karɓa daga shekara uku, Carnival kuwa daga shekara biyu. Wanda bai kai haka ba, ko dai ya zauna a hannun uwarsa, ko a kai shi ɗakin reno a biya kuɗi kowace awa, kuma ba kowane jirgi ke da ɗakin renon ba. Har wa yau, yaron da bai daina sa kunzugu ba ba a barinsa ya shiga tafkin ninkaya, sai in jirgin yana da wurin wasan ruwa na jarirai daban. Saboda haka uwar da ke da ɗan shekara ɗaya da rabi, in aka yi kuskuren jirgi, za ta dawo gida a gajiye fiye da yadda ta tafi.

Matasa su ma da tasu buƙatar. Ɗan shekara 15 ba zai zauna yana zanen fure da ƙannensa ba. Ƙaramin jirgi mai natsuwa, irin wanda dattawa ke so, kwana biyu ya ishe shi ya gundure shi.

Ɗaki da yawan iyali

Ɗakunan jirgi kashi huɗu ne: na ciki wanda ba shi da taga, da mai taga, da mai baranda, da babban ɗaki mai falo. Kuɗin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Yawancin ɗakuna ba su wuce mutum huɗu ba, kuma jariri ma mutum ne a lissafinsu, domin yawan fasinja yana tafiya ne da yawan kujerun kwale-kwalen ceto. Iyali irin namu na mutum shida ko takwas sai sun kama ɗaki biyu, kuma ɗakunan da ƙofa ta haɗa su kaɗan ne, da wuri suke ƙarewa. Mai fama da jiri da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi.

Kuɗin da ba a gani a talla

Araha ba ta ado. Tikitin jirgi yakan ƙunshi ɗaki da abinci a manyan ɗakunan cin abinci da kallon wasanni. Abin da ke biyo baya shi ke karya mutum. Na farko tukwicin ma'aikata, wanda kamfanonin Amurka ke ɗorawa kai tsaye a kan kowane fasinja, tsakanin dala 16 zuwa 20 a kullum. Alal misali, iyali mai mutum shida da suka yi kwana bakwai a kan dala 18, za su biya dala 756 na tukwici kawai. Sannan ga harajin tashoshi, ga kuɗin intanet, ga na lemon kwalba, wanda Disney ke bayarwa kyauta a wurin cin abinci amma yawancin sauran sai an saya. Ga kuma kuɗin zagaya gari duk inda aka tsaya, wanda shi ma kan kowane mutum ake lissafa shi.

Game da zagaya gari akwai abin lura. Idan iyali suka bi motar da kamfani ya shirya, jirgi zai jira su ko sun makara. Idan kuwa da kansu suka fita suka wuce lokaci, jirgi tashi zai yi, su nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗinsu.

MSC kan yi tallar cewa yara su hau kyauta a wasu tafiye-tafiye in za su kwana a ɗakin iyayensu, amma ko a nan akwai haraji. Hanyar kwatanta kamfanoni ita ce a ɗauki takarda a haɗa jimillar komai, har da tikitin jirgin sama da kwana ɗaya a otal kafin ranar tashi, sannan a auna. Wani lokaci wanda ya yi kama da mai tsada shi ne mai sauƙi.

Hanya da lokaci da biza

Kowane yanki da lokacinsa. Bahar Rum daga Afrilu zuwa Oktoba, ana tashi daga Basalona ko Janowa ko tashar da ke kusa da Rum. Alaska daga Mayu zuwa Satumba. Karebiyan duk shekara ake zuwa, sai dai daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne, kuma kyaftin yana da ikon sauya hanya ba tare da an mayar wa kowa kuɗinsa ba. Rikici ma kan sauya hanya: hare-haren da aka kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 sun sa kamfanoni da dama sun soke bi ta can a 2024. A nahiyarmu, MSC kan yi zirga-zirga daga Durban da Cape Town tsakanin Nuwamba da Afrilu, zuwa gaɓar Mozambik da Namibiya da tsibirin Morishus.

Ga mai fasfon Nijeriya, biza ita ce babbar magana, har ta fi zaɓen kamfani nauyi. Sau da yawa ana buƙatar izinin shiga ƙasashen da jirgi zai tsaya, ko da mutum bai yi niyyar sauka ba. Jirgin da ya tashi daga Italiya ya leƙa Turkiyya ko Tunisiya ya komo, ya fita daga yankin Schengen ya sake shiga ke nan, don haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Haka jirgin da ya bar Miyami ya je Bahamas ya dawo. A watan Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar baƙi 'yan Nijeriya zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya, a Disamba na shekarar kuma ta ƙara tsaurara sharuɗɗa. Kamfani ba ya ɗaukar alhakin takardun kowa. Wanda ya zo bakin jirgi ba cikakkiyar biza, za a hana shi hawa, kuɗinsa kuma sun tafi. Fasfo ma sai ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, na kowa da kowa har na jariri.

Abinci da ibada

Ga iyalin musulmi, yawancin manyan jirage suna sayar da giya, suna kuma da gidan caca. Wasu kamfanoni kan tanadi naman halal idan an sanar da su makonni kafin tafiya, in ba haka ba sai a dogara da kifi da ganye. A watan Disamban 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata kamfanin, AROYA, daga tashar Jidda, da abincin halal da wuraren salla, ba giya ba caca. Ya dace a nemi amsar kamfani a rubuce kafin a biya ko sisin kwabo.

Lafiya da tsaro

A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka mutu. Daga cikin fasinjojin akwai ɗaruruwan da ba a riga an koya musu abin da za su yi in haɗari ya auku ba. Bayan wannan ne aka wajabta yin atisayen ceto kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi. Iyaye su tabbatar kowane yaro ya san wurin taruwarsa, kuma akwai rigar ceto daidai jikinsa.

Cunkoso kuma yana saurin yaɗa cuta. A Fabrairun 2020 sama da mutum 700 suka kamu da korona a jirgin Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, takan binciki tsabtar jiragen da ke shiga tashoshin ƙasar ta ba su maki cikin 100, wanda ya sami ƙasa da 86 ya faɗi, kuma kowa na iya duba sakamakon. Asibitin jirgi ba kyauta ba ne, ɗauke mara lafiya daga tsakiyar teku kuwa dukiya yake ci. Inshorar tafiya ta zama tilas ga mai iyali.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa babu kamfani ɗaya da ya dace da kowa. Mai ƙananan yara da hali ya dubi Disney, mai matasa ya dubi Royal Caribbean, mai lissafin aljihu ya auna Carnival da MSC, wanda abinci da ibada suka fi damunsa ya tambayi AROYA. Amma kafin duk wannan, a fara da shekarun yara, a bi da bizar da za a iya samu, sannan jimillar kuɗi. Sunan kamfani shi ne na ƙarshe. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a tsakiyar teku babu tashar da mutum zai ce a sauke shi ya fasa.