Abin Da Masaƙun Kakuri Suka Koya Mana

Mu da muka tashi a kudancin kogin Kaduna, mun san lokacin da jiniyar masaƙa ita ce agogon unguwa. In ta yi kuka, sai ka ga hanyar Kakuri ta cika da kekuna, waɗansu za su aiki, waɗansu sun taso. Da albashin nan aka biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta.

Masaƙun nan kuwa da hannun baƙi aka kafa su. A shekara ta 1957 Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Ingila, aka buɗe Kaduna Textiles. A 1964 'yan kasuwar Hongkong suka kafa UNTL. A shekarar nan kuma IFC, watau reshen Bankin Duniya mai zuba jari a kamfanoni, ya sa kuɗi a Arewa Textiles tare da Japanawa. Amfanin bai tsaya a bakin ƙofar masaƙa ba. Manomin auduga a Funtua ya samu, mai tuwo a Makera ta samu, mai gidan haya a Nasarawa ya samu.

To, me ya faru? Tsarin SAP na 1986, wanda Bankin Duniya ya goyi bayansa, ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama. Noman auduga ya ja baya, atamfar fasa-ƙwauri kuma ta cika kasuwa da araha. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsai da aiki a 2007. Ma'aikata da yawa sun tsufa suna jiran kuɗin sallama, yara kuwa suka bar aji saboda rashin kuɗin makaranta.

Ba don mu ta da tsohon miki muka kawo wannan ba. Gama taimako bai daina zuwa ba. A 2017 Bankin Duniya ya amince wa Jihar Kaduna rancen dala miliyan 350. A watan Afrilu na 2025 kuma aka aza harsashin wurin sarrafa amfanin gona a Ɗaki Takwas, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, da tallafin Bankin Raya Afirka.

Muna murna, amma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Baƙo yana iya kawo inji da jari. Wuta, da hanya, da tsaron gona, da riƙon amana, waɗannan aikinmu ne. Rance kuma ba kyauta ba ne, yaran da ke gabanmu a aji su za su biya.

Saboda haka in wakilanmu sun zo taron unguwa, ko zumuntar mata ta zauna, bari mu yi tambaya. Manomi mai kadada ɗaya zai sami mai sayen masararsa da citta a farashin kirki? Za a ɗauki mata da matasan Romi da Sabon Tasha aiki, a koya musu gyaran injin, ko kuwa dako kaɗai za su yi? In baƙin sun koma gida, wa zai riƙe wurin?

Iyayenmu ba su sami zarafin yin waɗannan tambayoyi ba. Mu kuwa muna da shi, kangon Kakuri ma yana nan yana tuna mana.