Wa Ya Cinye Min Nama? Maganar Satar Abinci A Firjin Ofis

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Maganar da na ɗauko yau, na san wasu sun fara dariya tun daga kan take. Satar abinci a firjin ofis. Eh, ita. An tashi da asuba an dafa, an zuba a roba, ka kai ofis ka saka a firji, bayan azahar ka buɗe ka tarar wayam. Ko kuma shinkafar tana nan, naman ne ya yi ƙafa. Ko gorar zoɓon da kika ajiye cike ta koma rabi, har an mayar da murfin an ɗaure da kyau, wai ladabi.

Ana ba da labarin ana ƙyaƙyatawa, amma wanda aka yi wa ba dariya yake ba. Mu ɗan yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, tun da aka sa hannu kan dokar a Yulin 2024, Naira 70,000 ne. Ɗan bautar ƙasa yana karɓar 77,000. Mu ce farantin abinci a wajen mai abincin bakin ofis 1,500 ne, ba lemo, ba ƙarin nama. Kwanakin aiki 22 a wata, ka ga 33,000 ke nan, kusan rabin wancan albashin. Ba a ma zo kan kuɗin mota ba, wanda kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Shi ya sa waɗanda a da suke ganin zuwa ofis da abinci ƙauyanci ne, yanzu kowa da 'yar robarsa a jaka. To wanda ya cinye maka abincin nan, kuɗi ya zara daga aljihunka, ko kuma ya sa ka wuni da yunwa kana aiki.

Kuma ba kowa ke iya wuni da yunwa ba fa. Akwai mai ciwon suga da ya sha magani ko ya yi allura da lissafin zai ci abinci ƙarfe ɗaya. Idan bai ci ba sugansa na iya faɗuwa, jiri ya ɗebe shi, har ya suma. Akwai mai olsa, akwai mai juna biyu. Akwai mai shayarwa da ke tatsar nono ta ajiye wa jaririnta a firjin nan. Akwai mai azumi da ya ajiye kunun ayarsa tun safe yana jiran magariba. Wanda ya buɗe firji ya ɗauka bai san na wa ya ɗauka ba a cikinsu, kuma bai tsaya tambaya ba.

Ga abin da ke rikita maganar a wajenmu. Mu mutane ne masu tayi. Ba ka cin abinci a gaban mutum ba ka ce masa bismillah ba, kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya saba da faranti ɗaya, hannu biyar. Da wannan ɓarayin firji ke fakewa. "Haba, ai mun zama ɗaya." "Ɗan kaɗan fa na ɗiba." Wani ma ya ce wasa ne, shi Bakano ne kai Bazazzagi, ko shi Bafulatani kai Babarbare, don haka abincinka halalinsa ne. Kuma idan ka nuna ɓacin rai a ce kai marowaci ne, a kan abinci kake faɗa, sai kunya ta sa ka yi shiru. Amma tayi daga mai abu yake fitowa. Shi wasan ma a gaban ido ake yin sa, a ƙwace ana dariya mai abu yana gani. Wanda ya jira sai da ka shiga mitin, ya waiga hagu da dama, sannan ya buɗe robarka, shi da kansa ya san sunan abin da yake yi. Ita doka ma haka ta gani: sashe na 286 na Final Kod, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ya kira ɗaukar kayan wani da rashin gaskiya ba da yardarsa ba sata. Ba ina cewa a kai mutum kotu kan cinyar kaza ba ne. Ina so ne dai ka daina jin kamar kai ne mai laifi don ka damu.

To yaya za a yi?

Kafin komai, ka tabbatar sata ce. Firji idan aka ɗauke wuta, kamar awa 4 yake riƙe sanyi, shi ma idan ba a yawan buɗe shi, kuma firjin ofis kowa ya san ba ya hutawa. Mai yiwuwa abincinka na jiya ya yi tsami, wari ya ishi mutane, aka zubar. Mai yiwuwa kuma robarka iri ɗaya ce da ta mutum uku, tunda duk a kasuwa ɗaya muke saye. Maganin wannan mai sauƙi ne: salatif da maka, ka rubuta sunanka da kwanan wata a murfi da jikin robar. Wannan ba ya hana ɓarawo na gaske, amma yana kashe uzurin "na ɗauka nawa ne", kuma daga ranar kai ma ka san da wa kake.

Idan an ci gaba, sai ka yi magana a fili ba tare da kiran suna ba. A gurup ɗin WhatsApp na ofis, ko 'yar takarda a jikin firji. Abu kamar haka: "Salam. Ranar Litinin da Laraba an ɗauki abincin da na ajiye a firji, da sunana a jiki. Don Allah a daina. Wanda yake da buƙata ya yi min magana." Shi ke nan. Ba habaici, ba "Allah ya isa", ba hoton ɓera. Na san hannu yana ƙaiƙayi, amma da zarar ka yi habaici, gurup ya koma wajen nishaɗi, a yi ta turo sitika, maganarka ta bi ruwa. Kuma ka lura na saka ranaku. Ka riƙa rubutawa a wayarka: ranar kaza, abu kaza. Ranar da za ka je wajen admin, "sau 5 a cikin mako 3, ga ranakun" ya fi "kullum ana cinye min abinci" nauyi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai, don shi ne ya sa na ɗauko maganar nan tun farko. Duk ofis ɗin da abu ya ɓace, kun san wa ake fara kallo. Mai shara. Masinja. Maigadi. Direba. Yaron da ya zo sanin makamar aiki. Babu wanda ya gan su, kawai dai su ne marasa ƙarfi, kuma a ƙwaƙwalwarmu mun riga mun haɗa talauci da sata. Sai ka ji ana raɗa, "ai tunda aka kawo sabuwar kilinar nan." Jama'a, ku san nauyin wannan jimlar. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikatan ba ofis ne ya ɗauke su kai tsaye ba, wani kamfani ne ya turo su. Ba a ba su kweri, ba a kafa musu kwamiti. Waya ɗaya admin zai buga ya ce a canza mana ita, gobe ba za ka sake ganinta ba. Matar da wataƙila marayu take ciyarwa ta rasa aiki a kan dambun da ba ita ta ci ba, kuma bayan ta tafi a ci gaba da cinye dambun.

Ku yi amfani da hankali kaɗan mana. Ƙarfe nawa ka saka abincin, ƙarfe nawa ka tarar babu? A wurare da yawa mai shara tana zuwa tun bakwai, ta gama ta tafi kafin kai ka iso da robarka. Maigadi yana bakin ƙofa, sau nawa ka taɓa ganinsa a kicin? Wanda ke da ƙarfin halin buɗe firji tsakar rana ya tsaya ya zaɓi tsoka, galibi mutum ne da ya san ko an gan shi ba abin da zai faru. Hausawa suka ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Idan ba ka gani da idonka ba, ko wani amintacce bai gani ba, kada sunan kowa ya fito daga bakinka. Idan kuma ka ji ana laƙaba wa na ƙasa ba hujja, ka buɗe baki ka tambaya: wa ya gani?

Idan ka gani da ido fa? Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. "Malam, ɗazu na ga ka ɗauki robata a firji. Abincin rana na ne, kuma ba ni da wani. Don Allah kada a sake." Ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana. Zai yi dariya, ko ya ce wasa ne, ko ya hau borin kunya. Kada ka biye masa, ka maimaita maganarka sau ɗaya ka tafi. Yawancin mutane a nan suke tsayawa, don abin da suke dogaro da shi shi ne ba wanda zai iya fuskantarsu. Wanda bai tsaya ba, shi ne za ka kai wa admin da ranakunka a rubuce.

Sai maganar tarko. Duk inda aka tayar da zancen nan sai wani ya ce a zuba maganin wankin ciki, ko a cika barkono, a zauna a ga wanda zai yi ta zarya banɗaki. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, ko? Wallahi kada ka fara. Ba ka san wa zai ci ba. Zai iya zama mai juna biyu, zai iya zama mai ciwon ƙoda ko hawan jini, zai iya zama ɗan abokiyar aikinka da aka ɗauko daga makaranta aka ce ya buɗe firji ya ɗauki na mamansa. Gudawa mai tsanani tana ƙarar da ruwan jiki, tana kwantar da mutum a asibiti. Kuma ranar da hakan ta faru, ba wanda zai tuna da namanka da aka sace. Kai ne wanda ya zuba wa mutum abu a abinci da gangan don ya cutu, wannan kuwa laifi ne da ya fi satar girma a gaban doka da gaban ofis. Cewa "ai abincina ne" ba zai fitar da kai ba, musamman idan ka riga ka ba abokai labarin shirinka ana tafawa.

Haka ɓoye waya tana ɗaukar bidiyo a kicin. Idan ofis na son saka kyamara, hukumar ofis ce za ta saka, ta sanar da kowa. Akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023, hoton mutum kuma yana cikin bayanansa. Ɗora fuskar abokin aiki a sitatus da rubutun "ɓarawon ofis ɗinmu" kuwa, ƙofar ƙarar ɓata suna ka buɗe wa kanka.

Akwai mai wuya: idan oga ne. Yana faruwa, kuma wani ogan ko ɓoyewa ba ya yi, zai ce "wa ya kawo alalar nan? Ta yi daɗi." A nan ba zan ce ka je ka yi jarumta ba, aikinka ne a kan layi. Za ka iya cewa cikin raha, "Yallaɓai, ai da an faɗa min da na taho da biyu, yau dai an bar ni da azumin dole." Mai hankali zai gane. Wanda bai gane ba, ka janye abincinka daga firjin, ka koma kula mai riƙe zafi a ƙarƙashin teburinka, ka ci da wuri kada shinkafa ta wuni tana ɗumi-ɗumi, don a haka take lalacewa. Wasu kuma ƙaramar jaka suke samu mai zif biyu su maƙala ɗan kwaɗo. Abin kunya ne a ce an kai haka a tsakanin manya masu digiri, amma ya fi wuni da yunwa.

Wani lokacin kuma idan ka gano mai ɗauka, jikinka ne zai yi sanyi. Ka tarar wanda ya yi wata uku ba a biya shi ba ne, ko wanda albashinsa ke ƙarewa ranar 10 ga wata saboda asibiti da kuɗin makaranta. Yunwarsa ba ta halatta masa abincinka ba, kuma ka faɗa masa hakan, don kai ma ba daga sama kake samu ba. Amma wannan ba na kai wa admin ba ne. Idan kana da hali ka ƙara ludayi ɗaya ka riƙa yi masa tayi ba tare da kowa ya sani ba. Idan kuma ma'aikata da yawa ne a wannan halin, to matsalar ta wuce firji, maganar albashi ce, kuma ita ya kamata ku haɗu ku kai gaba.

Abin da zan so kowane ofis ya yi, ba ya cin ko sisi. A zauna minti goma a yarda: duk abin da ke firji da suna da kwanan wata. A ware hawa ɗaya a rubuta "na kowa", wanda ya yi suna ko biki ya kawo ragowar cincin da lemo ya ajiye a nan, mai jin yunwa ya ɗauka ba tare da ya roƙi kowa ba. Magani da nonon jariri su samu gefensu da ba mai taɓawa. Ranar Juma'a kafin a tashi a kwashe duk abin da ya kwana uku, kuma a rubuta sunan wanda aka ɗora wa kwashewar a jikin firjin, don kada Litinin ta yi a ce mai shara ce ta sace.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.