Masu Sayar da Wutar da Ba a Sha Ba

A shekarar 2024 cibiyoyin adana bayanai na duniya, wato manyan gine-ginen da ake jibge kwamfutocin da ke ɗauke da intanet, sun sha wutar lantarki wajen yunit biliyan 415. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, mai mazauni a birnin Paris ce ta fitar da wannan ƙiyasi. Ta ce adadin ya kai kashi 1.5 cikin ɗari na duk wutar da aka sha a duniya, kuma tana hasashen zai kai yunit biliyan 945 nan da 2030. Abin da suka sha a shekara guda ɗin nan ya yi wajen ninki goma na wutar da tashoshin Najeriya ke turawa babban layi a shekara. A ƙasar Ailan lamarin ya fi haka tsanani, domin a 2023 waɗannan cibiyoyi sun cinye kashi 21 cikin ɗari na wutar da mitocin ƙasar suka ƙirga.

Duk inda kuɗin wuta ya yi nauyi haka, ba a rasa ɗan kasuwar da zai zo ya ce yana da magani. Ta haka aka samu kasuwar manhajojin rage shan wuta. Hajarta baƙuwa ce, domin abin da mai saye ke biya shi ne wutar da ba zai sha ba, kuma abin da bai faru ba yana da wuyar aunawa.

Ɓarnar da suke cewa za su toshe gaskiya ce. A 2007 wasu injiniyoyin Google biyu, Luiz Barroso da Urs Hölzle, suka nuna cewa saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, galibin lokacinta tana aiki ne tsakanin kashi 10 zuwa 50 cikin ɗari na ƙarfinta. Abin takaicin shi ne, sabobin wancan zamani ko suna zaune ba aikin komai, suna shan kusan rabin wutar da suke sha in aiki ya kai maƙura. A 2015 kuma Jonathan Koomey da Jon Taylor suka binciki dubban sabobi, suka tarar wajen kashi 30 cikin ɗari sun yi wata shida ko fiye ba su yi wani aiki mai amfani ba. Suna kunne, fankokinsu na juyawa, ana hura musu sanyi, amma babu mai neman komai a wurinsu.

Me ya hana a kashe su? Amsar tana ga mutane. Ma'aikacin da ke kula da kwamfutoci ba shi ne ke ganin takardar kuɗin wuta ba, tana zuwa ne ofishin akanta ko na mai kula da gini. Idan ya kashe saba aka samu rarar kuɗi, babu mai yi masa sannu. Idan ya kashe, ashe lissafin albashin ma'aikata na cikinta, to shi kaɗai zai amsa tambaya. Wanda ya kafa na'urar ma wataƙila ya bar aiki shekaru uku da suka wuce, bai bar wa kowa rubutu ba. Saboda haka kowa sai ya kauce, a bar ta tana ci. Babban amfanin manhajar kirki a nan shi ne ta ba ma'aikaci hujja. Tana bin kowace na'ura tana rubuta yawan aikin da ta yi da wutar da ta sha, har mutum ya iya zuwa gaban shugabansa da takarda ya ce waccan ta yi wata tara ba wanda ya taɓa ta.

Kasuwar ta soma ne daga kwamfutocin tebur na ofis. Tun 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙirƙiro tambarin Energy Star don na'urori masu tattalin wuta, sannan a 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da tsarin ACPI, wanda ya ba manhaja ikon sa kwamfuta barci da tashe ta. Duk da haka manyan ma'aikatu sun ci gaba da barin dubban kwamfutoci a kunne har gari ya waye, wai don a samu damar sabunta musu manhaja cikin dare. Kamfanoni irin su 1E na Ingila, mai manhajar NightWatchman, da Verdiem na birnin Siyatil suka ga dama a nan. Manhajarsu kan adana aikin da ma'aikaci ya bari a buɗe, ta kashe kwamfutar bayan an tashi, ta tashe ta da tsakar dare in akwai sabuntawa, ta sake kwantar da ita. Ciniki ya yi kyau na ɗan lokaci, har Cisco ya sayi wani mai irin wannan sana'a, kamfanin JouleX, a 2013 kan dala miliyan 107.

Wannan ɓangare ya dushe. Windows da macOS da Linux sun shigar da yawancin dabarun cikin jikinsu kyauta, mutane kuma suka koma kwamfutar cinya, wadda tun asali an gina ta ne don lallaɓa batir. Abin da ya zama kyauta ba ya riƙe kasuwa.

Kuɗin sai ya koma cibiyoyin adana bayanai, inda manhajar da ta fi kowace rage shan wuta ba a ma sayar da ita da wannan suna ba. Ita ce manhajar da ke raba saba ɗaya ta zama kamar guda goma ko ashirin, kowacce da aikinta, irin wadda VMware ya yi fice da ita tun farkon shekarun 2000. Duk wanda ya san tashar mota ya san hikimar: maimakon motoci goma su tashi kowacce da fasinja biyu, a cika guda biyu, sauran su kashe inji. Wani bincike da Eric Masanet da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2020 ya nuna cewa daga 2010 zuwa 2018 aikin da cibiyoyin duniya ke yi ya ƙaru da kashi 550 cikin ɗari, amma wutar da suke sha ta ƙaru da kashi 6 kacal. Ingancin sababbin na'urori da ƙaura zuwa manyan cibiyoyi sun taimaka, wannan haɗe ayyuka kuma yana cikin manyan dalilai. Darajar harkar ta fito fili a 2023 da Broadcom ya sayi VMware kan dala biliyan sittin da wani abu, ya kuma daina sayar da lasisin dindindin ya koma na haya.

Sai maganar zafi. Kusan duk wutar da ta shiga kwamfuta zafi take komawa, kuma dole a sake kashe wata wutar a fitar da shi. A 2007 ƙungiyar The Green Grid ta kawo ma'aunin PUE: a raba duk wutar da ginin ya sha da wadda kwamfutocin kansu suka sha. In sakamakon ya zama 2, to duk yunit ɗin da ya yi aiki, wani yunit ya tafi ga sanyaya da fitilu da asara. Binciken cibiyar Uptime ya nuna matsakaicin ya faɗo daga 2.5 a 2007 zuwa wajen 1.6, inda ya daɗe yana tsaye, alhali Google na ba da rahoton kusan 1.1. Kamfanoni irin su Schneider Electric da Vertiv suna sayar da manhajojin da ke karanta zafin kowane lungu na ɗakin sabobi su daidaita fankoki da injinan sanyi. A 2016 kamfanin DeepMind ya ce ƙirƙirarriyar basirarsa ta rage wutar sanyaya wata cibiyar Google da abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari. A lura, kashi 40 na wutar sanyaya ne, ba na ginin baki ɗaya ba, kuma kamfanin ne ya ba da labarin kansa.

Ma'aunin PUE ɗin ma yana da wata lalura da 'yan talla ba sa ambata. Bai damu da ko kwamfutocin na aikin kirki ko zaman banza suke ba. Cibiyar da ta kashe matattun sabobinta za ta rage kuɗin wuta, amma lambarta na iya lalacewa, tunda abin da ake rabawa da shi ya ragu. Wadda ta bar su suna ci sai ta fito da lamba mai kyau.

Doka ita ce sabuwar mai kawo ciniki. Tarayyar Turai ta wajabta a 2023 cewa cibiyar da kwamfutocinta suka kai kilowat 500 ta riƙa ba da rahoton wutar da take sha. Jamus ta ƙara da cewa sabuwar cibiyar da za ta fara aiki daga Yulin 2026 ta cimma PUE na 1.2. Wanda aka ce ya kawo rahoto dole ya sayi abin awo. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan manhajoji awo da zana jadawali kawai suka iya. Ba sa kashe ko fitila ɗaya sai wani ya tashi ya yi.

Kada kuma a ɗauka tattalin zai rage jimillar wutar da duniya ke sha. Tun 1865 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura cewa da injinan tururi suka rage cin kwal, sai Ingila ta ƙara ƙona kwal, saboda amfani da shi ya yi araha. Haka ake gani yau. Guntun Nvidia H100 ɗaya, irin wanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da shi, yana iya jan wat 700, kuma dubbai ake jerawa. A manyan cibiyoyi duk wutar da manhaja ta ceto, ana cike gurbinta da sababbin na'urori.

A wurinmu lissafin ya fi sauƙi, ya kuma fi zafi. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, wutar janareta kuwa ta fi haka tsada. A ɗauki ma'aikata mai kwamfutocin tebur 100, a ce kowacce da allonta tana jan wat 60 a zaune. In aka bar su awa 14 daga tashi zuwa safiya, yunit 84 ke nan, wato naira 18,900 a dare ɗaya a wancan farashi, sama da rabin miliyan a wata. Bankuna da jami'o'i da asibitoci da cibiyoyin jarrabawar JAMB duk suna da irin wannan tarin kwamfutoci. Mai amfani da sola ma abin ya shafe shi, domin duk wat ɗin da ya rage, batir da faifan da zai saya ne suka ragu.

Irin wannan ma'aikata ba ta buƙatar fara sayen komai. Saitin barci yana cikin kowace kwamfuta, kuma mai kula da kwamfutocin ofis na iya ɗora shi kan dukkansu daga kujerarsa. In ɗan kasuwa ya zo da manhajar da ya ce za ta rage kashi kaza, a karanta mita ko a auna man janareta na wata guda kafin a sa ta, a sake aunawa bayan an sa, a cire kuɗin lasisin shekara daga rarar. A tambaye shi ko manhajar tana kashe na'ura da kanta ko rahoto kawai take bayarwa, da kuma irin bayanan ma'aikata da take kwashewa zuwa waje. In ya ƙi yarda a yi gwajin wata guda kafin biya, a sallame shi.