Motar kara da motar gwangwani: yadda ake ƙera su da awo

Da an gama girbi, an kai hatsi rumbu, sai aikin yara ya tashi. A Birni da Zango cikin Damagaram, a Mirriya, a Magarya, a Matamaye, ko'ina za a tarar da yara zaune gindin bango suna ƙera mota. Wasu da karan dawa suke yi. Wasu da waya. Wasu kuma da gwangwanin madara ko na tumatir.

Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan abu shiririta. Wani uba yakan kori yaro, har ya taka motar da ƙafa. Alhali kuwa yaron da ke ƙera mota yana koyon abu uku: lura, da aikin hannu, da awo. A cikin ukun nan awo ne ya fi yi masa wuya. A nan ne babban da ya koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci zai iya taimakonsa.

Ƙira ba baƙuwa ba ce a Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram har igwa sun ƙera. Mota kuwa daga baya ta zo. A watan Oktoba na 1924 motoci 8 na kamfanin Citroën suka taso daga Aljeriya, suka ratsa hamada. Ƙafafunsu na baya sarƙa ce irin ta tankar yaƙi. Suka bi ta Yamai da Tasawa, suka iso Damagaram a watan Disamba, sannan suka wuce Tafkin Chadi. A lokacin Damagaram ce babban birnin Nijar, don sai a 1926 aka mai da shi Yamai.

Daga baya aka ga manyan motocin Berliet masu ɗaukar gyaɗa, da Peugeot 404, da 504. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, a kan hanyar Tanut, tankokin mai sun yawaita. Kowane zamani, abin da yaro ya gani a hanya shi yake kwaikwayo.

Kayan aiki

Motar kara ita ce mafi sauƙi. Ana feƙe ɓawon karan dawa, a bar totuwa. Totuwa ita ce jikin mota. Ɓawon kuma a tsaga shi siri-siri, ya zama ƙusa, a riƙa soke totuwa da shi ana haɗawa. Taya ana yanko ta daga sakaina ko tsohon silifa.

Motar waya ta fi ƙarko. Ana lanƙwasa waya ta ba da siffar mota, a ɗaure mahaɗa da robar cikin taya. Sandar da ke riƙe tayoyin gaba ana ɗaure ta a tsakiya kaɗai, don ta iya juyawa. Daga nan a ja doguwar waya zuwa hannun yaro, a lanƙwasa ƙarshenta ya zama sitiyari. In ya murɗa dama, mota ta yi dama.

Motar gwangwani ita ce mafi wuya. Ana yanke gwangwani, a buɗe shi, a daddale shi da guduma. Sai a zana ƙofa da rufi da gaba, a yanka da almakashi, a naɗe baki.

Mene ne awo?

Sau da yawa yaro ya gama mota, amma ba ta yi kama da ta gaske ba. Taya ta yi girma, jiki ya yi gajere. Dalili shi ne da ido ya yi aikin, bai auna ba.

Ƙa'idar ɗaya ce tak. In an rage tsawon mota sau 10, to faɗi ma a rage shi sau 10. Tsayi sau 10. Taya sau 10. Ƙofa sau 10. Ba a rage wani wuri da yawa, wani wuri kaɗan. Ana rubuta wannan awo haka: 1/10. Ma'anarsa, santimita 1 a jikin ƙaramar mota daidai yake da santimita 10 a jikin babbar.

Ga misali da Peugeot 504, wadda aka fara yi a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna:

Tsawonta wajen santimita 450. A raba gida 10, ya ba da 45.
Faɗinta wajen santimita 170. A raba gida 10, ya ba da 17.
Tsayinta wajen santimita 145. A raba gida 10, ya ba da 14 da rabi.
Tayarta, daga ƙasa zuwa sama, wajen santimita 65. A raba gida 10, ya ba da 6 da rabi.

Wanda ya bi waɗannan lambobi, motarsa za ta yi kama da 504 ko daga nesa. Rabawa gida 10 kuwa ita ce mafi sauƙi a lissafi.

In babu magwaji

Ba kowane gida ke da magwajin tela ba. Zare mai ƙarfi ya isa. A je tasha ko kasuwa, a nemi izinin direba, mota tana tsaye a kashe. A miƙa zare daga gaban mota zuwa bayanta, a yanke. Sai a ninke shi biyu: ya zama rabi. A sake ninkewa: kashi 1 cikin 4. A sake: kashi 1 cikin 8. A ninke na huɗu: kashi 1 cikin 16. Tsawon da ya rage a hannu shi ne tsawon ƙaramar mota. Ga 504 zai kai wajen santimita 28.

A yi haka da wani zare ga faɗi, wani ga tsayi, wani ga taya. Kowane zare ninki huɗu, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne awon 1/16.

Da irin wannan awo ake zana taswirar ƙasa da zanen gini. Magini da kafinta da mai walda duk da shi suke aiki. Yaron da ya gane shi a jikin motar kara, ranar da ya shiga gareji ko shagon walda ba zai zama baƙo ba.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Turai da Amurka da Japan, ba yara kaɗai ke wannan abu ba. Manya masu iyali ma suna yi, don hutawa bayan aiki. Akwai kamfanoni da sana'arsu ke nan.

A Ingila an fara yin ƙananan motocin ƙarfe masu suna Dinky a 1934. An yi su ne don a jera su kusa da ƙananan jiragen ƙasa na wasa, shi ya sa awonsu ya bi na jiragen. Daga nan awon 1/43 ya yaɗu. A 1953 aka fito da Matchbox, wato kwalin ashana, don motar tana iya shiga ɗan kwali irin na ashana. A Faransa akwai Norev da Majorette. Waɗannan duka a haɗe ake sayar da su.

Akwai kuma waɗanda ake sayarwa a wargaje cikin kwali. Kamfanin Heller na Faransa, wanda aka kafa a 1957, da Tamiya na Japan, suna cikin masu yin irinsu. A kwalin akwai gutsattsarin roba masu yawa, kowane da lambarsa, da takarda mai nuna yadda za a haɗa. Mai saye ya yanko su, ya goge baki, ya manna da gam, ya shafa fenti. Mota ɗaya takan ci masa kwanaki, wani lokaci makonni. Awon da aka fi yi wa irin waɗannan shi ne 1/24.

Da awon 1/24, motar 504 za ta zama wajen santimita 19. Da 1/43, wajen 10 da rabi. Da 1/64, santimita 7, kamar tsawon yatsa.

Bambancin shi ne, mai sayen kwali an riga an yi masa awo a masana'anta. Yaron Damagaram kuwa shi ne mai nemo kaya, shi ne mai zane, shi ne mai yanka.

Abubuwan da za a kiyaye

Wasan yana da haɗari in babu babba a kusa.

1. Kada yaro ya taɓa gwangwani ko jarkar maganin ƙwarin gona, irin wanda ake fesa wa wake. Ko an wanke, guba takan rage a ciki. Tana shiga jiki ta fata da ta baki.

2. Kada a huda gwangwanin feshin sauro, kada a jefa shi wuta. Yana fashewa.

3. Kada a fasa tsohon batir don neman kayan mota.

4. Bakin gwangwani kaifi gare shi kamar aska. A naɗe shi ciki, a daddale. In yaro ya yanke, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a sa ƙasa ko toka ko kashin shanu. A kai shi gidan likita a duba ko yana buƙatar allurar rigakafin tetanos, cutar nan mai sandare jiki ta ɗaure haƙora.

5. Kada a tura mota a kan kwalta. Yaro idonsa na kan motarsa, ba ya ganin ta gaske. Fili ko ƙofar gida sun isa.

A riƙa ajiyewa

A ƙasashen da aka ambata, wasu tara motocin suke yi. Suna jera su, suna rubuta sunan kowace da shekararta. Wadda ba ta ƙuje ba, kuma tana da kwalinta, ta fi daraja.

A ƙauye kuwa motar kara kwana kaɗan take yi, akuya ta cinye ko gara ta lalata. Ya kamata kowace shekara a zaɓi wadda ta fi kyau a adana. Ta kara a rataye ta sama, nesa da ƙasa. Ta gwangwani a shafa mata ɗan mai saboda tsatsa. A ƙarƙashinta a rubuta sunan yaro, da shekara, da awon da aka bi. Uban da ya koyi rubutu shi zai rubuta, ko ya kama hannun yaron su rubuta tare. Berliet da 404 sun yi ƙaranci a hanya yanzu. Wanda ya ajiye ƙaramarsu yana da abin nuna wa jikoki.

Malamin ajin karatun manya ma zai iya kawo motar kara cikin aji. Ɗalibai su auna ta, su riɓanya sau 10, su ga ko babbar za ta yi daidai. Ƴan mata ma a ba su zare su auna, don lissafi na kowa ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan rani, duk uban da ya ga ɗansa da wuƙa da totuwa, kada ya kore shi. Ya duba kayan da yake aiki da su, ya raba shi da mai guba. Sannan ya ɗauki zare, ranar kasuwa su je tasha tare su auno mota.